Kunkurun da Ya Shiga Ɗakin Mai Takaba

Wata rana, cikin goman ƙarshe na azumi, wani saurayi ya yi sallama a ƙofar wani gida a Funtuwa, rungume da kwali.

Bari in fara gaya muku gidan waye.

Gidan Hajiya Tabawa ne. Mijinta ya rasu ana gab da ɗaukar azumi, don haka tana cikin takaba. Ba ta fita, ba ta ado, ba ta doguwar magana da kowa. 'Yan kunnenta da awarwaro da sarƙoƙin gwal da ta tara tun tana amarya, duk ta tuɓe ta zuba a wani jan akwatin ƙarfe, ta tura shi can ƙarƙashin gado.

Gidan babba ne, amma mutum biyu ne a cikinsa. Ita da ƙanwar marigayin, Gwaggo Lanti, wadda ta taso daga ƙauye don ta taya ta zama.

Ɗaya na fama da ciwon baya, ɗaya na fama da gwiwa.

'Yar Hajiya, Rumasa'u, ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna. Kullum bayan la'asar takan kira uwar ta bidiyo. Rannan da ta kira, sai ta tarar da ita a duƙe da tsintsiya, hannu ɗaya dafe da ƙugu.

Abin ya tsaya wa yarinyar a rai.

Ta taɓa ganin na'urar nan mai share ɗaki da kanta a gidan wata likita. Wata 'yar kewayayyiya ce kamar faifai, tana yawo a ƙasa tana zuƙe ƙura, in cajinta ya yi ƙasa ta koma mazauninta. Ta shiga wani babban shago ta tambaya. Akwai rangwamen Sallah, amma ɗan kaɗan ne, kuɗin dai sun fi ƙarfinta.

Tana cikin latsa waya sai ga wani shafi da manyan haruffa:

GARAƁASAR SALLAH. RABIN KUƊI. KAWOWA HAR GIDA KYAUTA. HAƊAWA KYAUTA. SAURA GUDA KAƊAN.

Ba adireshin shago. Lambar waya ce kawai, da hotunan mutane suna ta godiya.

Ta kira. Muryar mai ladabi ce ƙwarai. Ya ce sunansa Sabitu. Ya tambayi wa za a kai wa, ta gaya masa. Ya yi mata ta'aziyya, har da addu'a mai tsawo. Ya tambaya ko akwai intanet a gidan, ta ce akwai, ita ta saka don su riƙa ganin juna da mahaifiyarta.

Shi ne saurayin da ya yi sallama da kwali.

Gwaggo Lanti ce ta fito. Mace ce da ta san dokar gida, ba ta wasa da ita.

"Ɗana, zaure ne iyakarka. Gidan takaba ne, namiji ba ya wuce nan."

"Ai haka ya dace, Gwaggo. Mu ma 'ya'yan mutunci ne. A nan ma zan haɗa muku."

Ta shimfiɗa masa tabarma. Ta lura an taɓa buɗe kwalin an sake manne shi, ta yi magana. Ya ce ai su sukan gwada kowace kafin su kai wa mutum, don kada a ji kunya.

Ya nemi lambar sirrin intanet ɗin gidan, ta shiga ciki ta karɓo masa. Ya ce wayoyinsu na tsofaffi ne, ba za su ɗauki manhajar ba, bari ya haɗa da tasa, su dai nasu danna maɓalli ne kawai.

Ya gama, ya miƙa mata da hannu biyu. Ko tukuici bai yarda ya karɓa ba.

Gwaggo ta shiga ciki tana yabonsa.

"Yaya, har yanzu akwai yaran kirki. Ko kai bai ɗaga ya kalli ƙofar cikin gida ba."

Gaskiya ta faɗa. Bai ɗaga kai ba.

Ita ce ta ɗauko abin da hannunta ta wuce da shi tsakar gida, ta wuce falo, ta ajiye shi a bakin ƙofar ɗakin da tun rasuwar maigidan ko ƙaninsa bai leƙa ba.

Kwanakin farko gidan ya yi daɗi. Gwaggo ta raɗa masa suna Kunkuru. Tana biye da shi tana yi masa tsiya.

"Kai, malalaci, ga can ba ka share ba. Azumi kake yi ne?"

Har Hajiya sai da ta yi murmushi, abin da aka jima ba a gani a fuskarta ba.

Sai ya fara tashi ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Suna zaune da hantsi, sai su ji ƙararsa, zuuu, ya fito daga mazauninsa. Gwaggo ta ce ƙila haka aka yi shi, ya san lokacin aikinsa.

Amma ba shara yake yi ba. Ga ƙura a gefe, sai ya wuce ta. Ya bi jikin bango a hankali, ya tsaya a ƙofar baya ta wajen madafa, ya daɗe. Ya juya, ya tsaya a gindin taga. Ya shiga ɗakin Hajiya, ya kutsa ƙarƙashin gado, ya yi shiru a can.

A gabansa akwai wani ɗan baƙin gilashi kamar ƙwayar wake. Gwaggo kan goge shi da bakin zaninta kullum, don ta ga yana ɗaukar ƙura.

Wata safiya Hajiya ta fito daga wanka da ɗaurin ƙirji, kanta ba ɗankwali. Ta tarar da shi a tsakiyar ɗaki, a tsaye cik. Ta matsa wajen madubi, ya juyo. Ta koma bakin gado, ya sake juyowa.

Ta jawo hijabi ta saka, ita kaɗai a ɗakinta, tana jin kunyar kanta da tsoron kayan lantarki.

Ba ta gaya wa kowa ba. Tana ganin in ta faɗa, za a ce kewar miji ce ta fara taɓa ta.

Ranar jajibirin Sallah, wayar Gwaggo ta yi ƙara. Hannunta duk ƙullin cincin, sai ta danna ta saka a bayyane, ta ajiye a kan tabarma. Hajiya na gefe da carbi.

Sabitu ne. Ya gaishe su, ya yi musu barka da shan ruwa, ya tambayi lafiyar Hajiya.

"Gwaggo, gobe dai sai Idi ko?"

"In Allah ya kai mu. Ni da gwiwar nan tawa ma sai na je, ko da rarrafe. Unguwar nan ai watsewa take yi, kowa na fili. Hajiya ce dai ba halin fita."

"Allah sarki. Ita kaɗai ke nan."

"Ita da Kunkurunta."

Ya yi dariya. Ya tambaya ko na'urar na ba su matsala. Gwaggo ta ce ƙalau take, sai dai in ta shiga ƙarƙashin gado ba ta son fitowa.

"Ai wannan jan akwatin ne yake tare ta. A ɗan matsar da shi gefe."

Carbin da ke hannun Hajiya ya tsaya.

Tunda ta shiga takaba ba ta yi magana da baƙon namiji ba. Ta sunkuyo kan wayar, murya ƙasa ƙasa.

"Malam, ka taɓa shiga ɗakina ne?"

Ta sake tambaya.

"Wa ya gaya maka ja ne?"

Ana jin numfashinsa. Sai wayar ta katse.

Gwaggo ta dubi Hajiya. Hajiya ta dubi lungun da Kunkuru yake caji, ɗan baƙin gilashin nan yana fuskantar tabarmar da suke zaune.

Gwaggo ta miƙe ba ta ko tuna da gwiwa ba. Ta ɗauko babban daron wanki ta kifa a kansa, ta jawo turmi ta ɗora.

Suna tsaye suna kallo, sai suka ji ya tashi a ciki.

Ƙwas. Ya bugi daron ta gabas.

Ƙwas. Ya bugi ta yamma.

Babu wanda ya taɓa shi a cikin gidan.

Suka kira Rumasa'u. Tana jin bayanin ta katse su.

"Umma, ku zare wayar intanet ɗin daga bango. Yanzu, ina kan layi."

Gwaggo ta zare. Ƙarar ta ɗan ci gaba, sannan ta mutu.

Rumasa'u ta nemi shafin da ta yi ciniki, babu shi. Ta kira lambar, a kashe. Sai a lokacin ta tuna ba ta da rasit, ba ta san shago ba, ba ta san ko Sabitu sunansa ne na gaskiya ba. Shi kuwa ya san ƙofar baya, ya san taga, ya san ƙarƙashin gado. Ya kuma san gobe da safe mace ɗaya ce za ta rage a gidan.

Motar Funtuwa a jajibirin Sallah ba ta samuwa, kuma tana bakin aiki. Kuka kawai take yi tana cewa ita ta jawo.

Hajiya ta ce, "Share hawayenki. Tausayina kika ji. Kira min Baffanki Ilu."

Baffa Ilu yayan marigayin ne. Tsoho ne da mutanen unguwa ba su taɓa sanin ya rasa sallar Idi ba, ko da zazzaɓi. Ya zo bayan la'asar, ya tsaya a zaure, aka yi masa bayani ta bayan labule. Ya ce, "To."

Kafin magariba an fitar da akwatin a cikin buhun masara, an kai inda ya dace. An kuma sanar da masu tsaron unguwa.

Gari ya waye. Kabbara ta cika titi, yara da sababbin kaya, motoci, babura, kowa ya nufi fili. A hankali ƙarar ta yi nisa, ta yi nisa, har unguwar ta yi tsit. Irin shirun da ake jin kukan kurciya daga gida na uku.

Hajiya na zaune a kan darduma. Gwaggo na gefenta, ta fasa zuwa Idin, ga sabon zaninta a ninke a kan gado.

Sai suka ji babur. Bai zo da gudu ba. Ya wuce gidan, ya je ƙarshen layi, ya juyo. Aka kashe shi daga ɗan nesa.

Takun mutum fiye da ɗaya.

Aka ƙwanƙwasa a hankali, irin na mai ladabi.

"Salamu alaikum. Hajiya, daga kamfani ne. An ce na'urarku na ba da matsala, mun zo dubawa."

Gwaggo ta damƙe hannun Hajiya.

Daga cikin zaure, inda yake zaune tun asuba tare da maƙwabta biyu da su ma suka haƙura da Idin, Baffa Ilu ya gyara murya.

"Wa alaikumus salam. Ku turo, a buɗe take. Muna jiranku."

Ba a turo ba.

Kafin maƙwabtan su miƙe su fito, babur ya tashi. Bayansu kawai aka gani, su biyu, fuskokinsu a rufe, suka sha kwana. Har yau ba a san ko su waye ba.

Da rana gida ya cika da 'yan barka da Sallah. Kowa na cewa an auna arziki, Allah ya tsare, ba a rasa ko allura ba. Gwaggo na ba da labari tana ƙarawa da gishiri, ana ta jinjina wa Baffa.



Washegari Rumasa'u ta iso. Ta ɗauki na'urar ta kai wa wani masanin irin waɗannan kaya. Ya duba, ya ce tsohuwa ce aka goge ta aka mayar kwali, kuma tun farko a ƙarƙashin ikon wani take. Duk inda ta shiga yana gani a wayarsa, yana iya tuƙa ta daga inda yake zaune. Ta tambaye shi ko za a iya goge abin da mutumin ya riga ya ɗauka. Ya girgiza kai.

Ta dawo ta zauna a gaban uwar. Ta ce, "Umma, gwal ɗinki dai yana nan lafiya."

Hajiya ta dubi tsakiyar ɗakin.

"Akwati kam an matsar da shi, Rumasa'u. Abin da ya gani fa, ina za mu kai shi?"

Darasi:

'Ya'yana, lokacin Sallah kowa na neman sauƙi, kuma neman sauƙi ba laifi ba ne. Amma rangwame na gaskiya yana da shago, yana da rasit, yana da ƙofar da za ka koma ka buga in abu ya lalace. In ka ga an zaftare rabin kuɗi, ana kuma yi maka gaggawa, tsaya ka tambayi kanka da me mai kayan zai cike giɓin.

Kada ka karɓi kwalin da aka riga aka buɗe. Duk na'urar da ke da kamara, a wayarka za a haɗa ta, a gabanka, da lambar sirrin da kai kaɗai ka sani. In ba ka iya ba, jira naka ya zo ya yi maka.

Iyayenmu sun koya mana tsayar da baƙo a zaure. Yanzu sai mun ƙara da tambayar abin da ya miƙo mana mu shigar ciki.

Kafin ka wuce, tura wannan ga duk wanda ka san yana shirin yi wa iyayensa sayayyar Sallah ta waya. Allah ya rufa mana asiri, a waje da cikin ɗaki.