Rabin Maganar da Na Fassara wa Baba

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk Birnin Kudu babu mai Turancina, na kai mahaifina asibiti a Kano. Manomi ne a Dingaya ta ƙasar Gwaram, ni kuma ɗansa na fari, malamin sakandare. Ciki ne ya matsa masa a ƙarshen damina, yau kumburi gobe murɗa, sai likitanmu na nan ya ba mu takarda mu je a ɗauki hoton hanjinsa a babban injin nan da ake tura mutum ciki a kwance.

Likitan da ya duba hoton ba ya jin Hausa, don haka na gyara zaman hula na zama tafinta. Ya juyo mana da allon kwamfuta. Ni dai toka-toka kawai nake gani, sai wani ɗan jan zagaye a gefe. Ya ce shi da idonsa ya wuce wurin bai lura ba, kwamfutar ce ta zagaye shi, don an koya mata neman ƙananan tsiro a cikin babban hanji. Wannan bai fi ƙwayar wake ba. Ya ce wani lokaci takan yi kuskure, ta ga ragowar bayan gida ta zaci tsiro ne. Amma in tsiron ne, gara a cire shi tun bai rikiɗe ya zama ciwon daji ba. Hanyar tabbatarwa kuwa, sai an zura siririyar roba mai kyamara ta dubura, a gan shi, a tsinke shi nan take.

A nan tafintan naku ya ƙame. Baba bai taɓa kiran sunana ba saboda kunyar ɗan fari. Da "kai" yake kirana, da na fara koyarwa ya koma "Malam". Ko ciwon kai nake yi, ta bakin mahaifiyata yake ji. Wannan mutumin zan dubi idonsa in faɗa masa ta inda za a bi?

"Malam, me yake cewa ne?" in ji Baba.

Na ce, "Baba, wai injin ne yakan yi kuskure. Ba wani abu."

"To, alhamdu lillahi. Tashi mu kama hanya, dawa na jira na."

A mota na dinga lallashin kaina cewa ai ban yi ƙarya ba, likita ma ya faɗi haka. Na ƙudura zan gaya wa mahaifiyata ta isar masa, amma da na durƙusa gabanta, nan ma bakina ya ƙi buɗuwa. Kumburin ya tafi da magani, Baba ya ci gaba da ɗaukar damin dawa a ka yana yi wa samari dariya. Ni kuma na samu abin da nake so, na yi shiru.

Bayan shekara huɗu ya fara ramewa, sai ga jini a bayan gidansa. Muka koma Kano, aka ce daji ne, kuma ya riga ya bazu.

Ni na yi jinyarsa. Ni nake ɗaga shi, ni nake yi masa tsarki, ni nake canza masa zane. Kunyar da na tattala har ta hana ni magana ɗaya, ciwo ya zo ya kwashe ta gaba ɗaya bai nemi izinin kowa ba.

Wata rana da hantsi ina goge masa baya, na daure na faɗa masa komai. 

"Malam, ni makaho ne?" ya ce. "Ai na ga jan abin nan. Na kuma ga bawan Allahn ya yi doguwar magana, kai ka ba ni gajera. Na san da saura."

"To Baba, me ya hana ka tambaye ni?"

"Na ga kanka a ƙasa. Ban so in ƙure ka gaban baƙo ba." Ya numfasa. "Bar kukan nan. Na yafe maka."

Bai ga shukar wannan shekarar ba.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, kuma ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma nadama tana nan, ba ta tsufa. Na'ura ta gano abin da ya kuɓuce wa idon likita, likita ya sauke nauyinsa, saƙon ya taho lafiya har ya iso bakina, a nan ya maƙale. Shi yana kare ni, ni ina kare shi, tsiron kuma yana ta girma a tsakaninmu.

Bara na kai kaina aka yi mini irin gwajin robar, tunda an ce abin yakan bi jini. Da na fito na duba agogo. Abin da na kasa faɗa wa Baba, duka-duka bai kai awa ɗaya ba.