Goggo da Fallen da Ya Ƙi Fitowa

Goggona, ƙanwar babana, ɗinkin littattafai take yi a wata ƙaramar maɗaba'a bayan tashar mota. Tun mijinta na da rai take wurin, kuma har yau teburinta na gindin taga: allura, zare, gwangwanin gam, da wani ƙashi mai santsi da take danne takarda da shi. Hanyar wurin aikina ta nan ta bi, shi ya sa da yamma nakan tsaya mu tafi gida tare. Ita ke magana, ni ke sauraro.

Goggo ba ta taɓa sayen littafi ba, amma duk wanda ya bi ta hannunta sai ta karanta shi. Inji falle-falle yake fito da littafi, kowane babban falle da shafuka goma sha shida, wasu a tsaye, wasu kai ƙasa. Sai an ninke sannan shafukan su hau layi. Kafin a kai wa mai yanka, saman takardar a rufe yake, sai ka ga Goggo ta buɗa ƙasan da yatsa biyu tana leƙawa kamar mai neman makulli a jaka. A haka ta karance lissafin 'yan firamare da littafin kiwon kaji.

Bara aka kawo musu wani littafin soyayya na zamani. Labarin wata mai kantin magani ne, ta haura arba'in, da wani saurayi malamin makaranta da ta girme shi nesa ba kusa ba. Kullum yana zuwa sayen maganin tari, alhali lafiyarsa ƙalau. Goggo ta kamu. Har gam ya taɓa bushe mata a gwangwani tana leƙen falle.

"Ɗana, yau ma ya zo," ta ce mini muna tafe.

"Wa, Goggo?"

"Mai tarin ƙarya mana. Ita kuma tana ta wani ɗaure fuska, bayan ta sake ɗankwali sau biyu kafin ya shigo. Mu za a yi wa wayo?"

Mai kula da injin kuwa Tawada ake ce masa, don hannunsa bai taɓa rabuwa da baƙi ba. Goggo ta ba shi shekara goma sha wani abu, kuma Yaya yake kiranta. Kai falle teburin ɗinki ba aikinsa ba ne, amma tun da aka fara littafin nan da kansa yake kawowa, ya tsaya yana gyara tarin da ba abin da ya same shi. Wata rana dai ya yi ta maza, ya ce aurenta yake so.

Goggo ta yi dariya har ta cire tabarau. "Kai ƙanena, ranar da na fara riƙe allurar nan rarrafe kake yi."

"Ai na daina, Yaya."

"To bari mu ga yadda mai kantin magani za ta yi da nata. Abin da ta yi, shi zan yi."

Ita da wasa ta faɗa. Shi kuwa ya riƙe maganar da hannu biyu. Kuma da yake shi ke shirya farantin bugu, wato ƙarfen da ake ɗora rubutu a kai kafin inji ya buga, ya riga kowa ganin ƙarshen labarin. Wata yamma ina jiran Goggo ya ja ni bayan inji.

"Ka rufa mini asiri," ya ce a hankali. "Matar nan guduwa ta yi. Ta rufe kanti ta bar garin, wai ta tsufa, mutane za su yi magana."

Daga nan fallen ƙarshe ya ƙi fitowa. Yau faranti ya karce, gobe tawada ta yi ruwa, jibi inji ya yi zafi. Amma da an kawo kalanda ko katin gayyata, sai injin ya warke. Ita kuwa Goggo ba ta da damar sa allura sai fallaye sun cika, don zare ɗaya ke ratsa su duka. Littattafai marasa ƙarshe suka taru a teburinta har suka tare taga.

"An bar ni a tasha," ta ce mini. "Matar ta ɗauko jaka, saurayin na bisa hanya, shi ke nan takarda ta ƙare. Ko abinci ba ya mini daɗi."

Ban tona asirin Tawada ba, tunda an ba ni amana.

Marubuciyar littafin ta dami Manajan maɗaba'ar da waya, shi kuma ya gaji. Ranar ina nan ya tsaya a kan inji ya ce ko falle ya fito, ko Tawada ya fita. Falle ya fito. Wannan karon mai yanka ne ya kai teburin. Tawada ya ɗauki tsumma yana goge wurin da ya riga ya goge.

Goggo ta ninke, ta danne da ƙashi, ta buɗa da yatsa biyu. Ta daɗe tana leƙawa. Can ta ajiye fallen.

"Wannan mata ba ta da hankali. Mutum ya yi ta kwasar maganin tari kwalba-kwalba saboda ke, sannan ki gudu don bakin mutane? Mutanen ne za su taya ki zaman ɗaki?" Ta ɗaga kai. "Tawada, zo nan. Kai ka riƙe mini falle?"

"Ni ne, Yaya."

"Ka karanta ke nan."

"Na karanta. Kin ce abin da ta yi, shi za ki yi."

"Na faɗa. Lokacin ban san sokuwa ba ce." Ta zura zare a allura, sannan ta nuno ni da tsinin. "Ka sami sabulu mai ƙarfi ka wanke hannun nan, ka je ka ga baban wannan. Kada ka ɓata masa kujera."

Littattafan duk ta ɗinke su cif, ba wanda ta tauye. Sai guda ɗaya da Manaja ya ba ta kyauta, ta ɗinke shi ba fallen ƙarshe. Yana nan a ɗakinta kan rediyo, matar na tasha da jakarta, saurayin na bisa hanya. Tawada kuwa har yanzu Yaya yake ce mata. Ta ce ya daina, ya ce bakinsa ya saba.