Gurgun Farfesa

Ku da kuka shigo sana'ar nan jiya-jiya kuna kukan kwastomomi, ku zauna ku ji. Ni har gobe ban manta ranar da aka yi wa furosesa uku faretin ɗaukar soja a kan teburina ba.

A bazarar 2006 ne. Ina gyaran kwamfuta a shagon Oga Obinna, kusa da tashar Zuru, shekarata ta biyu da gama koyo. Da hantsi sai ga Saje Noma, tsohon soja daga Dabai, ya sauko daga mashin rungume da akwatin kwamfuta naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, ruwa yana ɗiga.

Ya ce, "Wane ne likitan?" Oga ya nuna ni, ya zame bayan kanta.

"Farfesan ciki za ka sauya mini. Wanga ya gaji."

Furosesa yake nufi, ɗan ƙarfen nan mai faɗin kwalin ashana da ke yi wa kwamfuta duk lissafinta. Sau biyu ina gyara masa sunan, ya yi mini kallon kurtu, na haƙura. Farfesa ɗin dai.

Ɗansa mai aiki a Legas ne ya bar masa kwamfutar da Kirsimeti, da wasan yaƙi a ciki. Kafin ya koma ya shiga saiti ya ƙara wa furosesan gudu fiye da yadda masu ƙira suka yanka masa. Mu muna ce wa wannan obakulok, Saje yana ce masa dabul maci, wato sassarfar sojoji a fareti. Gudu yana ƙaruwa, amma zafi ma haka, kuma idan zafin ya kai maƙura kwamfuta sai ta kashe kanta. To ku auna Dabai a Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano! Saje ya gwada buhu, ya gwada ƙanƙara a leda, ya sa matarsa fifita da faifai har ta yi yaji, ta ce ko uwarsa ba ta yi wa wannan hidima ba.

Ƙa'idar shagonmu, ba a sauya komai sai an ga ciwo da ido. Na shanya akwatin ya bushe, Oga ya tada janareta, Saje ya ɗora tabarau ya kama wasa. Wallahi tsohon ya iya. Aka zo wata gada inda dole ka saɓa wani soja mai rauni a ƙafa ka ƙetare da shi, bama-bamai suna tashi ko'ina. A nan aiki ya fi yi wa furosesa yawa. Tsakiyar gada, ɗif! Allo ya yi baƙi.

Saje ya ce, "Sau arba'in da ɗaya ke nan. Kullum nan, kuma Ango na kafaɗata."

Sunan sojan a wasan wani sunan Turawa ne, ba Ango ba. 

Furosesa uku gare mu a shago. Na ɗauko su zan yi bayani, Saje ya ce a jera su sahu, ya goya hannu a baya yana zagaya teburin. Na farko sabo ne fil, babba, daga Anacha. Na biyu mai arha ne, lambar gudunsa babba amma ƙwaƙwalwarsa kaɗan, bai fi wanda ke ciki ba. Na uku tsoho ne da na ciro daga wata ƙonanniyar kwamfuta. Shi ya dace da gurbin, ya kuma fi na ciki ƙarfi nesa, sai dai cikin ƙafafunsa ɗari huɗu da saba'in da takwas, ɗaya ta lanƙwashe.

Saje ya ƙirga su fa. Da tsinken tsintsiya. Ya ɓata lissafi sau biyu, ya koma farko.

Ya kori na biyu, wai idonsa na matsoraci ne. Ya nuna babban. Oga, da ya ƙosa ya rabu da shi, ya leƙo ya ce, "Saje, kai san kaya! Wannan Janar ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zai shiga ba. Gurbinsa daban ne. Dubi, ko ƙafa ba shi da ita."

"Janar ba ya tafiya ƙasa, mi zai yi da ƙafa? In bai shiga ba, a rage shi da magagari."

Oga ya fara waigen inda magagari yake! Raina ya ɓaci. Na tura na ukun gaba na ce wannan kaɗai zai yi.

Saje ya ce, "Ba a ɗaukar gurgu soja."

Zafi da haushi suka sa bakina ya riga hankalina. Na ce, "To shi wanda kake saɓawa a gada, ƙafarsa lafiya take?"

Oga ya take mini ƙafa. Saje ya cire tabarau ya zauna. Can ya ce Ango ɗan garinsu ne, rana ɗaya aka ɗauke su soja suna samari. A bakin daga harsashi ya same shi a gwiwa kusa da wata gada, aka ba da odar ja da baya. "Na ce mishi, Ango, ina zuwa. Ban koma ba." Ya share tabaran da bakin riga. "Miƙe ma gurgun ƙafa, yaro."

Kun san yadda ake yi: a gutsure bakin allurar sirinji, a zura ƙafar a raminta, a ɗago a hankali. Na sha yi ina hira. Ran nan kuwa na kafa mata ido sosai, don in ta karye babu irinsa a duk Zuru. Ta miƙe. Da na cire fanka kuwa, sai ga gidan zanzaro ya toshe rabin hanyar iska. Saje ya ce ashe da ɗan leƙen asiri a bariki. Na kankare, na shafa man sanyaya, na dasa gurgun, na mayar da gudu yadda aka ƙera shi.

"Ka hana shi dabul maci?"

Na ce, "Mutum zai ɗauka, Saje. A bar shi ya taka a hankali."

Kafin nan masu jiran mota sun cika ƙofa. Saje ya saɓi Ango. Bam na farko, na biyu. Tsakiyar gada na ɗora tafina a kan akwatin ina salati, Oga yana kiran Yesu. Allo bai mutu ba. Ya sauka ɗaya gefen, wasu sojoji suka karɓi mai raunin suka sa a mota, ta tafi. Ƙofa ta ɗauki ihu.

Saje ya juyo. "Ina za su kai shi?"

"Asibiti."

"Zai warke?"

Ban taɓa buga wasan ba, ban san abin da ke gaba ba. Na ce, "Zai warke, Saje."

Ya miƙe ya ƙame, ya sara wa allon, sannan ya fizge waya daga bango, abin da da wani ne ya yi da ya sha faɗa. Ni dai na juya ina ta neman sukudireban da ke hannuna, don hawaye ne a idona.

Daga baya ɗansa ya gaya mini bai sake kunna wasan ba. Shi ya sa kuke jina, duk wanda ya zo yana neman mafi girma da mafi gudu, ba na fara ɗauko kwali. Sai na ja masa kujera na ce, nuna mini inda take tsaya maka.