Ranar da Muka Zauna a Kan Bokitai

Wata safiyar Litinin ce a ƙarshen damina, shekarar da na shiga aji huɗu. Raɓa ba ta gama bushewa a ganyen rogon da ke bayan famfon unguwarmu a Akurba ba, bokitai kuma sun jeru layi biyu kamar kullum. Na dama namu ne, 'ya'yan masu gida. Na hagu na 'yan haya ne, 'yan ƙabilun Tibi da Eggon da Migili da suka zo daga ƙauyuka, kuma sai mun gama ɗiba suke matsowa. Ba wanda ya san mai kafa dokar. Tarar da ita muka yi, kamar mangwaron da ke yi wa famfon inuwa.

Ƙawata Ngodoo tana hagu. Bencinmu ɗaya a makaranta, ita ta koya mini gasa doya a toka, amma kusan kullum sai ta sha bulalar makara saboda jiran ruwa. A safiyar nan na ga shatin bulala a ƙaurinta, sai na ɗauki bokitina na kai bayan nata. "Kai, Hauwa, koma layinku, mamanka zai doke ka," in ji ta da irin Hausarta ta 'yan koyo, tana dariya. Ban koma ba. Na kife bokitin na zauna a kai, ita ma ta kife nata. Kafin rana ta ɗaga, 'yan matan layukan biyu duk sun zauna, muna rera waƙar gaɗa a hankali, famfo yana ɗiga shi kaɗai.

Iyaye mata suka fito da faɗa, aka tasa ƙeyarmu zuwa zauren Baba Alƙali, dattijon da ya yi ritaya daga kotu. Mai kula da famfo ya ce mun tada fitina. Baba ya daɗe yana kallon ƙananan ƙafafunmu masu laka, sannan ya tambaya ko mun hana wani ɗiba. Aka ce a'a. "To, wanda ya zauna a kan bokitinsa bai zauna a kan haƙƙin kowa ba," ya ce. "Daga gobe layi ɗaya ne." Washegari Ngodoo ta riga ni zuwa, ta cika bokitinta ina bayanta, muka shiga makaranta kafin a kaɗa ƙararrawa.

Da na girma na karanta yadda baƙaƙen fata a Amurka suka zauna a kujerun da aka haramta musu har kotuna suka wanke su, sai ƙamshin raɓar nan ya dawo mini. Yau famfon ya ƙafe, kusan kowane gida da tankinsa, su Ngodoo kuma sun daɗe da komawa Shabu. Babu sauran layin da zai raba mu, babu kuma wanda zai haɗa mu.