Babban Yatsan Malama Pyo

Safa ce ta kayar da ni. Na sunkuya zan sa ta da safe, bayana ya ce ƙas, na tsaya a lanƙwashe kamar mai neman allura. A kasuwa dai na ce ƙanƙara nake ɗagawa, tunda ita nake kai wa masu kifi. Aka ɗora ni a kurar kifi, aka tura ni shagon Malama Pyo mai tausa, jikin shagon mai taliya.

Pyo Geum-rye shekara ashirin da biyu ta yi tana feɗe kifi a kasuwar bakin tekun Mokpo kafin ciwon sukari ya fara cin idonta. Ranar da ta naɗe wa wata mata kai da hanji, ta zuba tsokar a bokitin shara, a ranar ta ajiye wuƙa. Tana da shekara arba'in da uku. Ƙanwarta ta ce ai ga hanya, tunda makafi kaɗai doka ta yarda su riƙe lasisin tausa.

"Ni?" in ji Geum-rye. "Duk abin da na taɓa taɓawa a rayuwata ya riga ya mutu."

Ta dai je. Shekara biyu tana haddace sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi, tana jiƙa hannu a ruwan ɗumi, don yatsun da gishiri da ƙaya suka sa wa kanta ba sa jin ɗigon rubutun makafi. Malaminsu, wani tsoho makaho, kullum maganarsa ɗaya: a nemi wurin ciwon, a jingina nauyin jiki a kai, kada a tura da ƙarfin yatsa. Geum-rye ta ce to. A ranta kuwa ta ce maganar wanda bai taɓa fasa kan kifi ba ce.

Ta samu lasisi, ta buɗe shago, kasuwa ta koma kiranta Malama.

To, mazan kasuwarmu ba sa cewa da zafi. Ko ƙugiya ce ta shige tafin mutum, sai ya ce ƙaiƙayi ne. Suna hawa gadonta sai, "Ƙara, Yaya! Shafa ni kike yi?" Ita kuma ta ƙara. Abin ya zama gasa. Mutum ya fito yana ɗingishi, ya wuce teburin giya, ya ɗage riga yana nuna shatin yatsanta kamar lambar yabo. Shekara huɗu shagon a cike.

Wata safiya tsinken cin abinci ya faɗi daga hannunta na dama. Ta ɗauka, ya sake faɗuwa. Likita ya ce gaɓar babban yatsan ta cinye. In ta ci gaba a haka, shekara guda ko maɓallin riga ba za ta iya sawa ba. In ta lallaɓa shi, wataƙila ya kai ta goma. Geum-rye ta dawo gida tana murza yatsan. Ido ya tafi, wuƙa ta tafi, sana'a ta uku kuwa babu. Sai a lokacin maganar tsohon nan ta dawo mata.

Ta sanar cewa daga yau babu ƙarin ƙarfi a tausa. Kasuwa ta ce Malama ta tsufa. Maza suka koma kujerar tausa ta inji a gidan wanka, wadda ke jibgar mutum daidai yadda ya danna. Wata biyu tana zaune ita da rediyo.

Sai wuyan Shugaba Tak ya sanƙare. Shi ne shugaban dillalan kifi, inda ya sa ƙafa nan kasuwa take sawa. Injin ya jibge shi kwana uku, ya wayi gari in zai kalli gefe sai ya juya da duk jikinsa kamar jirgin ruwa. Matarsa ce ta jawo shi shagon.

Geum-rye ta san wannan ce ranar gwaji. In ya fita yana tsaki, sai ta sauke lasisin daga bango. Ta kuma san in ta ba shi abin da yake so, zai yabe ta, gobe maza talatin su zo neman irinsa.

"Malama, danna da kyau. Ni ba jariri ba ne."

Ta ɗora masa hannu. Ta bi wuyan ta gangara kafaɗa, tana sauraron numfashinsa. Can ƙarƙashin allon kafaɗa numfashin ya tsaya. Ta jingina kaɗan, ta miƙa ɗaya hannun ta taɓa ƙafarsa. Yatsun ƙafar sun dunƙule.

"Ƙara!"

"Shugaba, bakinka ya ce a ƙara, yatsun ƙafarka sun ce a kira mamanka. Su zan bi."

"Zan tashi fa!"

"Tashi mana. Sai dai ka juya a hankali, ƙofar ba ta da faɗi."

Bai tashi ba. Ita ma ba ta ƙara ba, ta tsaya a wurin kawai tana jira. Bayan minti goma masu cin taliya suka ajiye tsinke, suna sauraron minsharin Shugaba ta bango.

Ya fito yana juya wuya hagu da dama, ya shaida wa kasuwa cewa bai taɓa shan tausa mai azaba irin wannan ba, amma ya daure. Washegari layi ya dawo. Shekara shida ke nan kowa na shiga ya yi barci, ya fito ya ce ya daure. Ba wanda ya taɓa tona asirin wani.

Ni dai da aka sauke ni a gadon, na yi abin da maza ke yi.

"Ƙanƙara ce, Yaya, babbar gaske. Ƙara ƙarfi, zan iya."

Ta lalubi bayana, ta gangara ta taɓa ƙafafuna. Ɗaya da safa, ɗaya babu.

"Ƙanena, kwanta ka yi shiru," ta ce. "Shekara huɗu suka rage wa yatsan nan. Ba zan ƙarar da su a kan namijin da safa ta kayar ba."