Wayar Rahina ta kama motar a shingen Dapaong

Jama'a, yau mota ce ta faɗa mini abin da mutane suka ɓoye mini!

Kun san Rahina, wadda zan aura. Tun ranar da sojoji suka shiga unguwar Zango lokacin zanga-zanga, Rahina ta bar garinmu Sokodé, wata huɗu ba labari. Kullum na tambayi yayanta sai ya ce, "Tana Gana, ɗan'uwa, ka ƙara haƙuri."

Da azahar ina tuƙa motar maigidana ni kaɗai, muka yi layi a shingen jandarmomi na shiga garin Dapaong. Ina jin rediyo, sai ya ɗauke ɗif. Allon motar ya haska: wayar Rahina ta haɗu! Ni da kaina na haɗa ta da motar ta bulutut bara, don mu riƙa jin waƙoƙin soyayya. Abin nan ba ya kamawa daga nesa.

Sai muryar namijin da ya kira wayarta ta cika motar: "Amaryata, kun iso? Su Inna na jira a garin Cinkassé."

Bakina ya suɓuce: "Wace amarya?"

Ya ce, "Kai, wa ke magana?"

Na waiga. Ga ta a tasin da ke gefena, lalle har gwiwar hannu, tana jijjiga waya tana "Alo? Alo?" Muka haɗa ido. Na ɗaga mata hannu.

Ta sunkuyar da kai, ta danna wani abu. Sunanta ya ɓace daga allon, rediyo ya dawo.

Jandarma ya buga gilashi: "Direba, wuce mana!" Na kasa saka giya.