Jifa a Kan Yashin Binuwai

Daga bakin yayana na ji yawancin wannan labari. Shekarar kuwa ban tabbatar da ita ba, don haka ba zan ambace ta ba.

A Yawunde ya koyi kurket, wasan da ake jifa da ƙwallo wani ya buge ta da sanda. Da ya dawo Garwa bai sami fili ba, sai ya riƙa atisayen jifa a kan yashin Binuwai. Yashi yana shanye ƙwallo, saboda haka ya saba doka ta a ƙasa da ƙarfi. Ranar da aka zaɓi 'yan wasan gasar share fage, filin mai tauri ne, duk jifansa sai ya tashi ya wuce kan mai bugu. Ba a ɗauke shi ba. Yanzu nama yake sayarwa a rumfar Baba.

Yashin ne ya kayar da shi, ko da ma hannunsa bai kai ba?